Yini ɗaya a Oxford: daga ina ya kamata mu fara?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum. Ni da maigidana muna Landan na ɗan lokaci, kuma muna da niyyar zuwa Oxford da safe mu dawo da dare. Shin yini ɗaya zai wadatar, kuma ta ina ake shiga jami'ar domin mu fara daga can?

Baban Sadiq:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Jami'ar ba ta da ƙofa guda, domin kwalejoji ne fiye da 30 warwatse a cikin gari, kowace da tata ƙofar da lokacin da take karɓar baƙi. Daga tashar Paddington jirgin ƙasa zai kai ku cikin kimanin awa ɗaya, sauran kuwa tafiyar ƙafa ce.

Ku fara da ɗakin karatu na Bodleian, wanda aka buɗe a 1602. Ku sayi tikitin zagayawa tun kafin ranar, saboda gurbin yana saurin cika. A nan za ku shiga zauren Divinity School, kuma ina roƙonku kada ku yi gaggawar fita, ku ɗaga kai ku dubi rufin, inda aka sassaƙa dutse ya bazu kamar rassan bishiya, da haruffan sunayen waɗanda suka ba da gudummawar ginin tun ƙarni na 15. Ba a fita da littafi daga Bodleian, har Sarki Charles na Ɗaya ma an hana shi aro a 1645. Bayan haka ku hau hasumiyar cocin St Mary, mai matakala 127, matsattsu ƙwarai, inda za ku ga zagayayyen ginin Radcliffe Camera a ƙarƙashinku.

Ɗalibar Tarihi:
Na yarda da Malam, sai dai ina ganin kwaleji ɗaya ta ishe ku. Mafi yawan baƙi Christ Church suke tururuwa, amma akan rufe zauren cin abincinta da tsakar rana domin ɗalibai, ga kuma cunkoso. Ni Magdalen na fi so, saboda filinta mai barewa da hanyar da ta bi gefen kogin Cherwell. Idan a watan Mayu ko Yuni za ku je, ku tuna lokacin jarrabawa ne, wasu kwalejojin sukan taƙaita shigar baƙi.

Da la'asar ku je gidan tarihi na Pitt Rivers, wanda shigarsa kyauta ce, inda aka jera kaya bisa amfaninsu maimakon ƙasar da suka fito, har da na Afirka ta Yamma.

Maman Ilham:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Wurin salla fa?

Baban Sadiq:
Akwai babban masallaci a Manzil Way, kusa da titin Cowley. Daga Magdalen, da zarar kun tsallake gada, ba shi da nisa sosai, don haka ku tsara ziyarar kwalejin ta zo daidai da azahar.