Wane shokozoba ya dace da tsohuwar mota?

MaiCorolla: Assalamu alaikum. Corolla ce ƙirar 1999, ta haura kilomita 250,000. In an taka birki sai gabanta ya duƙa, in ta faɗa rami ta yi ta lilo kafin ta nutsu, bayanta kuma ya zauna. Shokozoba na mai ya kamata in saya ko na gas? Kuma in na sa shokozoba mai tauri, zai ɗaga bayan?

TsohonBakanike: Wa alaikumus salam, Malam. Shokozoba ba ya ɗaga mota, sifirin ne ke ɗauke da nauyinta. Aikin shokozoba shi ne kashe lilon sifirin. Saboda haka matsala biyu gare ka. Ajiye motar a wuri mai daidai, ka auna daga tsakiyar wili zuwa bakin bodin da ke samansa, ƙafa huɗun duka. In dama da hagu sun bambanta da fiye da santimita ɗaya da rabi, ko ka ga sifirin ya karye a zagayensa na ƙasa, canza sifirin na dama da na hagu tare. Shokozoba ma haka, ba a canza ɗaya a bar ɗan'uwansa.

Batun mai da gas, kowannensu akwai mai a ciki. Na gas an ƙara masa iskar naitirojin ne don kada man ya yi kumfa in ya ɗau zafi, domin da zarar ya yi kumfa riƙonsa ya tafi. Don zirga-zirgar yau da kullum, na gas mai bututu biyu irin KYB Excel-G ko Bilstein B4 ya wadatar. Mai bututu ɗaya irin Bilstein B6 ya fi saurin huce zafi, ya fi riƙe mota a kwana, amma za ka ji kowane tsakuwa a kujerarka.

Injiniya: Gaskiya ne, sai dai kafin ka kashe ko sisi a shokozoba, Malam, a ɗaga motar a duba bushin na hannuwa (robar da ke cikin mahaɗar hannuwan da ke riƙe ƙafar mota), da sauran mahaɗan ƙafa da sitiyari, wato boljoyin, tayarod da linkej. Ƙarar gwaf-gwaf da ake ɗora wa shokozoba sau da yawa daga nan take. Sa shokozoba mai tauri a kan ruɓaɓɓen bushin ƙara gaggauta mutuwar bushin ɗin ne kawai. A leƙa inda mauntin na sama, wato mazaunin kan shokozoba, ke zama a bodi, in tsatsa ta ci wurin sai an yi walda tukuna. A canza mauntin ɗin, da robar da ke rufe sandar shokozoba, da robar da ke tare dukan ƙarshe.

Gajeren sifirin da wasu ke sawa don sauke mota ƙasa kuwa ban ba ka shawara ba. In ka nace, dole ka haɗa shi da shokozoba mai gajeren zango irin Bilstein B8, in ba haka ba sandar za ta riƙa dukan ƙarshe har ya fara yoyon mai. Yanke sifirin da wuta kuma ɓarna ce, zafi yana kashe ƙarfen.

TsohonBakanike: Sai wajen ɗaurawa, inda aka fi yin asara. Ba a kwance notin saman shokozoba sai an matse sifirin da abin matsewa, sifirin da ya kuɓuce yana karya hannu. Kada a kama sandar da filaya, ƙarzanen da za ta bari shi zai yaga sil ɗin da ke hana mai yoyo. Notocin bushin kuma a bar su sako-sako sai an sauke motar nauyinta ya hau taya, sannan a ɗaure su. In aka ɗaure tana rataye, robar za ta zauna a murɗe ta tsage da wuri. Daga nan kai tsaye wurin alaimen, wato saita tsayuwar tayoyi, tunda an taɓa notocin da ke riƙe ƙafar gaba, in ba haka ba taya zai cinye ta gefe ɗaya.