Krim karamel ɗin Larabawa ya ƙi ni, wa ta taɓa yi ya fito daidai?

Uwargidan Alhaji: Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah waɗanda suka taɓa yin krim karamel irin na Larabawa ku zo ku nuna min inda na kuskure. A Madina na fara cinsa da muka je umara cikin azumi, bayan an sha ruwa aka kawo shi a ƙananan kofuna, sanyi ƙalau, samansa ja kamar zuma, ga ƙamshin hel (cardamom) da ruwan wardi wanda ba ya hawa kai. Jiya na ce bari in burge maigida, ƙwai 4, madara kofi 2, sukari, na zuba ruwan wardi babban cokali 2. Da na kifa shi a faranti wallahi ɗaci kamar maɗaci, cikinsa duk huji-huji, Alhaji ya kai loma ɗaya ya kalle ni ya ce wai humra na zuba ne?

Maman 'Yan Biyu: Wayyo humra! Yi haƙuri Hajiya dariya ta kama ni. Babban cokali 2 ai ya yi yawa, ni rabin ƙaramin cokali nake sa wa wannan awon, kuma sai madarar ta huce don zafi yana korar ƙamshin. Sannan ki duba kwalbar, akwai na ci akwai na shafawa a fuska. Ni farkon yina na wajen masu kayan kwalliya na saya ban sani ba, ashe har da gilisarin a ciki, ranar bola ce ta ci.

'Yar Damagaram: Mu nan flan muke ce masa. Ɗacin nan Anti daga sukari ne, ya wuce lokacinsa a wuta. Rabin kofi na sukari, ruwa cokali 2, wuta kaɗan, kuma kar ki sa cokali ki ce za ki juya, dunƙulewa zai yi, tukunyar kawai za ki riƙa karkatawa. Da ya yi kalar zuma ki sauke ki juye a kwanon nan take, don ko an sauke yana ci gaba da duhu da zafin tukunya. Ni waya ce ta cuce ni, na ce bari in amsa kiran yayata, kafin mu gama gaisawa kicin ya turnuƙe da hayaƙi. Kuma don Allah kar a sa yatsa a ɗanɗana, har yau tabon na nan a hannuna.

Hajiya Babba: 'Yata hujin nan wuta ce ta yi masa yawa. Na yi shekaru a Omdurman ta Sudan, a wajen wata maƙwabciyata na koya, ita ko oben ba ta da shi. Tsumma mai tsabta take shimfiɗawa a gindin tukunya, ta ɗora kwanon a kai a rufe, ruwan zafi ya kai rabin kwanon, kuma ruwan nan ba ya tafasa fal-fal, motsi kawai yake a hankali, kamar minti 40 zuwa 45. Ki soka wuƙa, in ta fito ba danƙo ya yi, ko da tsakiyar na ɗan rawa ki sauke, zai kama in ya huce. Hel kuma ba garinsa ake barbaɗawa ba, ƙwaya 3 ko 4 za ki fasa ki jefa a madara mai ɗumi ta jiƙa kamar minti 15, sai ki tace. Madarar a hankali ake tsiyaya ta kan ƙwai ana kaɗawa, in kika juye da zafinta gaba ɗaya wainar ƙwai za ki gani. Ki sake tacewa da rariya kafin ki zuba kan karamel ɗin. Maƙwabciyar tawa tana ƙara mistika, wani ƙaro mai ƙamshi, ƙwaya 2 ta daka da sukari, amma ni yarana ba sa so, cewa suke kamar suna cin turaren wuta.

Ɗalibi a Alƙahira: Iyayenmu ku yi haƙuri na shigo zancen mata. Gaskiya Larabawan ma da yawa na kwali suke kaɗawa da azumi, irin su Foster Clark's, a tafasa da madara a sa a firij shi ke nan. Wata ƙila ma shi kika ci a Madina Hajiya.

Maman 'Yan Biyu: Kai ɗan nan ka zo ka kashe mana gwiwa. Na kwali daban na ƙwai daban, a baki ake ganewa.

Amaryar Bana: Ni ƙarnin ƙwai ne matsalata, ko na sa banila sai na ji shi, sai na koma alawar madararmu ta gida, dama ai sunan ma daga halawa ta Larabawa ya zo. In ta fara yin ja tana barin jikin tukunya sai in zuba ɗan garin hel, in na shimfiɗa a tire in barbaɗa gyaɗa soyayya tunda fistak (pistachio) ya fi ƙarfin aljihuna. Dangin miji sun zo ganin ɗaki ko gutsure ba su bari ba.

Uwargidan Alhaji: Allah ya saka da alheri, na sake yi da safe yadda Hajiya Babba ta ce. Ba huji ba ɗaci, ƙamshin ma daidai. Sai dai an ɗauke wuta tun azahar, firij bai yi sanyi ba, ni kuma gaggawa ta sa na kifa shi da la'asar ya rabe gida biyu. Yara sun sa cokali sun shanye har romon. Hajiya awa nawa ya kamata ya yi a firij kafin a kifa?

Hajiya Babba: Ki bar shi ya kwana 'yata. In ba wuta ki sayi ƙanƙara ki sa shi a kula, kuma ki zagaya gefen da wuƙa kafin ki kifa.