Na canza ramin boris ɗaya, injin da ban taɓa ba ya lalace: ina kuma ake amfani da wannan fayil?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka, raina a dagule yake. Wata takwas ke nan da na kama aiki a wani wurin ƙera injuna a Kano, muna yin injin niƙa, na casar masara da na ɓarar gyaɗa. Wanda yake zane kafin ni ya tafi tun kafin azumi, kuma ba a rabu da daɗi ba, har yau ba ya ɗaga wayar oga. Kawuna ne ya tsaya mini aka ɗauke ni, shi ya sa ba na son abin da zai ba shi kunya. Kwamfutar da aka bar mini cike take da folda: "sabo", "sabo2", "na ƙarshe", "na ƙarshe gyararre".

Makon jiya oga ya ce a ƙara wa injin casa ƙarfi, a cire boris 6205 a sa 6206. Na buɗe fayil ɗin gidan boris a SolidWorks, manhajar da muke zana injuna da ita, na faɗaɗa ramin daga milimita 52 zuwa 62, na adana. Jiya yaron da ke fafe mana ƙarfe ya yi gida huɗu na injin niƙa bisa takardar da na buga masa, aka sa 6205 sai ga shi yana lilo a ciki. Ashe injunan biyu fayil ɗaya suke ci. Ta yaya zan ga dukkan asembilin (wato fayilolin da ke haɗa sassa su zama inji) da ke ɗauke da shi? Na danna Find References, ban ga komai ba.

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam. Ba za ka gani ba, ƙanena. Find References ƙasa yake kallo, wato ya nuna maka abin da ke cikin asembili. Asembili ne yake riƙe da sunan ɓangare da inda yake ajiye, shi kuwa ɓangaren bai san wa ke amfani da shi ba. Sai an bi fayilolin SLDASM, wato na asembili, ɗaya bayan ɗaya an duba. Maganinka PDM ne, manhajar da ke ajiye fayiloli tana bin diddiginsu, akwai shafin Where Used mai nuna inda ake amfani da fayil, dannawa ɗaya ka gama. Duk wanda ya gaya maka wani abu ɓata maka lokaci zai yi.

'Yar Kanikanci: Yallaɓai, ai yau yake buƙatar amsa. Malam, wace shekara ce manhajar taka? In ta gaza 2020, buɗe SolidWorks Explorer, Where Used na ciki. Daga 2020 an cire shi, File Utilities ya maye gurbinsa. Ka danna fayil ɗin da maɓallin dama, ka shiga SOLIDWORKS, ka zaɓi Rename. Zai jero maka fayilolin da ke amfani da shi, ka kwafe sunayen ka soke, kada ka canza sunan. Amma sai ka fara sa babbar foldar aiki a File Locations, don inda ka nuna masa kawai yake bincikawa.

Mai tambaya: Na gode 'yar uwa. Na gwada, ya nuna guda uku. Amma na san injin gyaɗa ma da shi aka yi, kuma bai fito ba.

'Yar Kanikanci: Injin gyaɗar yana cikin foldar da ka nuna masa? Kuma ba ka faɗi shekarar ba.

Ɗan Zariya: Wannan abu ya tuna mini da nawa. Shekara biyu ina zane wa wani mutum, rana ɗaya ɗansa ya canza wa fayiloli suna a Windows wai yana gyara, duk asembili suka buɗe babu komai. Ni aka ɗora wa laifi, har yau kuɗin wata na ƙarshe bai fito ba. Allah ya isa kawai.

Tsohon Hannu: Kun ji ko? Abin da nake faɗa ke nan. Shekara goma sha biyar ina wannan aiki. Ina da tabbacin gidan boris ɗinka ya fi ɗaya, duk suna iri ɗaya a folda daban-daban. SolidWorks ba ya buɗe fayil biyu masu suna ɗaya a lokaci guda, wanda ya riga buɗewa shi zai cusa a asembilin da ka buɗe daga baya. Ka adana a haka, shi ke nan an sauya. PDM Standard yana zuwa tare da lasisin Professional, ba sai ka sayi wani abu ba. Kuma tun farko Save As ya kamata ka yi da sabon suna.

Mai tambaya: Ranka ya daɗe, ba wanda ya gaya mini fayil ɗin na tarayya ne. Sunansa "gidan boris casa", wa zai yi zaton yana cikin injin niƙa? Kuma kwamfuta ɗaya gare mu, wuta ma sai da janareta. Oga ba zai saurari maganar kafa server ta PDM ba ana cikin asarar ƙarfe.

Mai Inventor: Mu masu zane da manhajar Inventor, Design Assistant ke yi mana wannan. Shawarata ka mayar da ramin 52 yanzu, ka yi Pack and Go wa kowane inji, wato ka kwafe asembilinsa da duk sassansa, kowa da foldarsa da kayansa.

Tsohon Hannu: A'a! Haka aka haifi "sabo2". Gobe ya gyara ɗaya ya manta biyar.

Mai Inventor: Amma aƙalla injin niƙa ba zai sake lalacewa don an taɓa na casa ba.

Mai tambaya: Ba zan iya mayar da shi 52 ba, an riga an yanka na casa a kan 62, mai injin zai zo ɗauka ranar Asabar. Sauran fayilolin kuma ina jin suna cikin filash ɗin da tsohon mai zanen ya tafi da shi. Gida huɗun da suka lalace fa, ana iya sa musu zobe a ciki su kama 6205, ko sai sabon ƙarfe?

Ɗan Zariya: Zobe yana yi in an matse shi sosai. Oga ya san an lalata su?

Mai tambaya: Bai sani ba tukuna.