Mijin yayata ya ƙi sa hannu a takardar bashi, in dage ko in haƙura?

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan na ranta wa mijin yayata naira miliyan 2, zai sayi riɗi a Dawanau ya ajiye. Miliyan 1 na tura masa ta banki, sauran a hannu na ba shi cikin shagona, daga ni sai shi. Zuwa yau dubu 400 ya biya. Bai taɓa musa bashin ba, kuma na san kasuwa ce ta juya masa. Makon jiya na ce mu rubuta abin da ya rage ya sa hannu, ni kuma in yafe masa dubu 300. Sai ya ɓata rai, wai na mai da shi maƙaryaci. Yanzu Yaya ta daina ɗaga wayata, Hajiyarmu kuma ta ce in bar maganar. Ya zan yi?

Na Gwale:
Kai shi caji ofis kawai. Kwana ɗaya a bayan kanta, danginsa za su haɗo kuɗin.

Ɗalibar Lauya:
Malam Na Gwale, mijin yayarsa ne fa, kuma bai musa ba. Sannan Dokar 'Yan Sanda ta 2020, sashe na 32, ta hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Karɓar bashi ba aikinsu ba ne.

Uwar Marayu:
Ƙanena, ka saurare ni. Maigidana ɗan kasuwar Singa ne, mutum ne mai kunya, ko littafi ba ya riƙewa. Ranar da ya rasu, a wurin jana'iza aka yi cigiyar masu binsa bashi. Kafin sadakar uku mutum huɗu sun zo, aka biya su kaf kafin a raba gado. Waɗanda shi yake bi kuwa, ko ɗaya bai leƙo ba. Akwai amininsa da ya ɗauki shinkafa ta miliyoyi, a gabana suka yi maganar a tsakar gida. Da muka je kotu alƙali ya ce mu kawo shaidu ko takarda. Ba mu da su. Aka ba shi rantsuwa, wallahi ya ɗauki Alƙur'ani ya rantse. Mutumin da ya ci tuwona ya fi sau ɗari! 'Ya'yana biyar, babbar na cire ta daga makarantar kuɗi a shekarar. Har yau in na hango shi a sahun masu zuwa Juma'a sai ƙirjina ya yi nauyi. Surukinka ba ya musu, to in ya faɗi ya mutu fa? Ko kai? Magadansa za su ce ina shaida.

Malamin Zaure:
Allah ya jiƙan mai gidanki, Hajiya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, Baƙara ta 282, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma wanda ake bi shi aka ce ya yi shifta, a kafa shaidu. Wa ya fi sahabbai amana? Amma a duba aya ta 280: wanda yake cikin ƙunci a jira shi har ya samu sauƙi, yafewa kuma ta fi alheri.

Uwar Marayu:
Amin Malam. Sai dai masu cewa a yafe ba su ne suka biya min kuɗin haya ba.

Mai Shayi:
Ni littafin bashina ya fi na ɗan firamare cika, amma ko mutum ɗaya bai taɓa dangwala min hannu ba. In na ce a rubuta sai a ce ƙara madara tukuna.

Na Gwale:
Lauya dubu 50 ya karɓa a hannuna ya rubuta irin wannan takarda.

Baba Ɗan Kurmi:
Dubu 50 ta me? Ni dubu 10 na bayar. Kuma ma wa ya ce sai lauya? Mu a gaban mai unguwa da liman muke yi, goro kawai. Yaran yanzu komai sai kotu.

Ɗalibar Lauya:
Baba, da gaskiyarka, takardar hannu ma hujja ce in da suna, adadin kuɗi, ranar biya, sa hannu da shaidu. Yaya Ɗan Kwari, adana shaidar bankin nan da duk saƙon da ya amsa cewa kana binsa. Akwai kuma kotun ƙananan ƙararrakin bashi da aka buɗe a Kano a 2019, mutum na iya tsayawa da kansa ba lauya.

Baba Ɗan Kurmi:
'Yata, ki gama karatun tukuna. Wanda ya kai surukinsa kotu ya kashe auren yayarsa. Shekara 40 ina kasuwa.

Uwar Marayu:
Baba, shi ma maigidana shekara 30 ya yi a kasuwa.

Ɗan Kwari:
Na gode. Kotu ba ta cikin lissafina. Ina tunanin in sa Kawu ya kira mu, amma shi ma Kawun...

Tela Ɗan Fagge:
Ku kuna maganar mai kunya. Ni dubu 30 na ci a manhajar bashin nan ta waya, na makara kwana 4, suka tura wa duk lambobin wayata saƙo wai ni ɓarawo ne. Har surukata ta samu.

Ɗalibar Lauya:
Wannan ka kai ƙorafi FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye. Tun 2022 take wajabta wa masu manhajojin bashi rajista, ta kuma rufe wasu saboda irin wannan tozarcin. Ka ajiye hoton saƙonnin?

Tela Ɗan Fagge:
Na goge don kunya. Amma surukata ba ta goge nata ba, jiya ma ta nuna wa matata.