Hoton zaure yana fitowa a karkace, ku taimaka

Ɗan Birni: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kawuna magini ne, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, sana'ar ce dai ban gada ba, hoton biki da suna nake ɗauka. Ya gama gyaran wani tsohon zaure a Birni, ba nisa da fadar Sarkin Damagaram: tubali, azara, rufin ɗaurin guga (mai bakan gizo), ya yaɓe da makuba (haɗin yaɓe na ɓawon ɗorawa). Wani mai zanen gini daga Yamai ya ce a turo hotuna, wataƙila ya ba kawu aiki. Na ɗauka sau uku. Bango ya jirkice kamar zai faɗi, ƙofa ta yi fari fat, rufin kuma duhu. Kawu ya duba ya ce shekara talatin bai taɓa gina karkataccen bango ba sai a hannuna. Juma'a mai gida zai tare.

Baban Hanifa: Wa alaikumus salam. Da me ka ɗauka? Ƙarfe nawa?

Mai Hoto Zango: Ba sai ya faɗa ba, na san ciwon. Kana ɗaga kan kyamara sama don rufin ya shiga, shi ke haɗe layukan bango. Kafa ta a kan maɗorin kyamara mai ƙafa uku daidai ƙirjinka, ta kalli gaba sak, ka koma lungu. In waya ce, rabu da 0.5 (gilashin da ke faɗaɗa hoto), yana lanƙwasa gefe. Kashe ƙwan lantarki duka, ka je da sassafe kafin rana ta yi ƙarfi. Ɗauki uku ba tare da motsi ba, mai duhu, matsakaici, mai haske, ka haɗa su hoto ɗaya. Rufin kuwa hotonsa daban, ka kwanta rigingine a tsakiyar zauren.

Maman Abba: A'a malam, kashe ƙwai a zauren ƙasa? Ko taga babu fa. Ya kunna, in akwai kuran.

Mai Hoto Zango: Hajiya, ƙwai ja ne, hasken ƙofa fari, makuba za ta fito kamar miyar taushe.

Na Sabon Gari: Ni dai ka yi ciniki tukuna. Na ɗauki wa wani ɗan kwangila gida guda, falo da karo (tayil) da komai, jaka 15 muka yi, har yau yana "gobe". Hotunan kuma suna Facebook ɗinsa, ko sunana babu.

Ɗan Birni: Kawuna ne fa, wane ciniki? Kuma yallaɓai, dole in ɗaga, ai rufin shi ne aikin. Ƙafa uku ba ni da ita, kuma hannuna ba ya rawa, shekara shida ina biki.

Mai Hoto Zango: Amarya daban, bango daban, ƙanena. Ɗora ta a kan turmi.

Baban Hanifa: Har yanzu ba ka faɗi da me ka ɗauka ba.

Ɗan Birni: Da safe ma ba zai yiwu ba, makullin yana hannun mai gida sai bayan azahar.