Wane suna za mu ba database da Hausa?

Makon jiya 'yar yayata, wadda ke karatun aikin jinya a nan Jos, ta zo gidanmu a Unguwar Rogo tana ƙorafin cewa duk maƙalar da ta nemo a Google a kan hawan jinin masu juna biyu, sai a nuna mata 'yan layukan farko kawai, sannan a nemi ta biya da dala kafin ta ga sauran. Na tambaye ta ko makarantarsu ba ta ba su sunan shiga da kalmar sirri ta laburare ba. Ta zaro wata 'yar takarda da ta ninke a bayan katin shaidarta tun ranar rajista, muka shiga da ita ta waya, kafin a kira la'asar maƙalar da aka sa wa kuɗi ta sauka ba ko sisi. Mahaifiyarta, wadda ke gefe tana kallonmu, ta ce, "To kai, ina ne wannan wurin da kuka shiga?" Na buɗe baki zan ce database, wato wurin da ake tattara maƙalu ko bayanai a na'ura don a riƙa nemo su, sai na ga ba ni da Hausarsa, shi ya sa na kawo maganar gabanku.

Na gode wa duk waɗanda suka ba da shawara bayan na nemi Hausar kalmar, inda aka kawo sunaye irin su kundi da ma'adana da taska da rumbun bayanai. Kundi dai ya riga ya yi kaya, domin da shi muke cewa kundin digiri da kundin tsarin mulki, kuma ɗalibin da aka ce wa ya duba kundi zai nufi kantar da ake jera ayyukan waɗanda suka gama. Ma'adana ta fi dacewa da inda ake killace tsofaffin takardu don tarihi, ga shi kuma a garin kuza kamar namu kunne na saurin karkatar da ita zuwa ma'adinai. Taska kalma ce mai daɗin ji, kuma ba don abin da zan faɗa yanzu ba da ita zan ɗauka.

Rumbu na zaɓa, saboda shi ne ya fi nuna wa ɗalibi yadda abin yake aiki. Gidan manomi guda ne, amma rumbunansa sukan yi yawa, na gero daban, na dawa daban, kuma wanda aka aika ɗebo hatsi sai ya san wanda zai buɗe. Haka laburaren makaranta yake a intanet, shi ne gidan, a cikinsa kuma akwai rumbuna. HINARI, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2002, na mujallun kiwon lafiya ne. AGORA, wanda ya biyo baya a 2003 ƙarƙashin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na harkar noma ne. JSTOR, da aka kafa a Amurka a 1995, ya yi suna wajen adana tsofaffin fitowar mujallu, musamman na tarihi da adabi da nazarin zamantakewa, shi kuwa AJOL tun 1998 yake tattara mujallun da ake bugawa a Afirka. Mai neman bayani a kan cutar dankalin Turawa da ake nomawa a Bokkos, idan ya tsaya lalube a rumbun adabi, zai yini bai samu komai ba, ya tashi yana cewa laburaren ba shi da amfani. Har maganar mabuɗi ta zo daidai, domin yawancin rumbunan a kulle suke, makaranta ce ke yin rajista ko biyan kuɗin shekara, kalmar sirrin da take ba ɗalibi kuwa ita ce mabuɗin.

Wani malami daga Abuja ya kawo suka mai ƙarfi, ya ce rumbu idan aka ɗiba raguwa yake yi, alhali maƙala ɗaya ko ɗalibi dubu suka sauke ta tana nan yadda take. Malam, gaskiya ka faɗa, sai dai Hausa ba ta taɓa sharɗanta cewa sabuwar ma'ana ta yi daidai da tsohuwa ta kowace fuska ba. Jirgi na ruwa kakanninmu suka sani, yau ga na ƙasa ga na sama, babu mai tambayar ina ruwan yake.

Inda na ɗan saɓa wa masu cewa rumbun bayanai, wanda kafafen yaɗa labarai suka riga suka saba da shi, shi ne a kan kalma ta biyu. Idan sunayen masu zaɓe ne ko lambobin shaidar ɗan ƙasa, rumbun bayanai ya yi. Abin da ke laburare kuwa rubuce-rubucen masana ne, don haka rumbun maƙalu ya fi fayyace shi, idan na littattafai ne a ce rumbun littattafai. Da na koma na ce wa yayata makarantar ce ta ba yarinyar mabuɗin rumbun maƙalunta, ba ta nemi ƙarin bayani ba, sai ta juya ta tambaye ta dalilin da ya sa ta bar mabuɗi a jaka shekara guda.