Kamfani na so mu noma masa kabeji da dankali a kan tudu, in shiga?

Manomin Tudu: Salamu alaikum jama'a. Gonata a jikin tudu take, ba ta kai hekta 1 ba, mun jera duwatsu hawa-hawa saboda zaizaya. Masara da wake muke yi na ci kawai. Yanzu wani kamfani ya zo wai zai ba mu iri da taki bashi mu noma kabeji da dankalin Turawa, shi zai saye. Matsalar mota ba ta hawowa wajenmu da damina, sai jaki ko a ka. Rabin gonar nake tunanin sawa. Don Allah wanda ya taɓa yi ya faɗa min gaskiya.

Abu Sadik: Wa alaikumus salam. Ka dasa fiya kawai, mai aure shekara 3 zuwa 4 ta fara 'ya'ya.

Manomin Tudu: To kafin nan me yara za su ci?

Baba Dattijo: Yaro kada ka sa hannu a takardar nan. Ni na yi, gaba ɗaya gonar na zuba dankali, damina ta yi nauyi ga hazo kullum da safe, ciwon nan mai ƙona ganye ya shigo cikin 'yan kwanaki ganyen ya yi baƙi ƙirin, maganin feshin da suka yi alkawari sai bayan an gama ya iso. Ɗan abin da muka tono muka sauko da shi bakin titi, yaronsu ya zazzage buhu yana ware wa, wannan ƙanana ne, wannan ya ji ciwon fartanya, ya ɗauki wanda yake so ya bar min sauran a ƙasa. Amma bashin taki cif suka cire. Shekarar nan sayen hatsi na yi, ni da ban taɓa awo ba tunda na yi aure. Har akuyoyin uwargida sai da suka tafi.

Maman Hanif: Allah sarki Baba, Allah ya mayar da alheri. Amma mu kabeji ya rufa mana asiri gaskiya, saboda sanyin tudu muna fitar da shi lokacin da na kwari babu, kuɗin har ninkawa yake.

Abu Sadik: Ninkawa a ina Hajiya? Kuɗin dako kaɗai ke cinye kashi ɗaya cikin uku.

Baba Dattijo: Rabi dai.

Malamin Gona: Matsalar kowa shi kaɗai yake sayarwa. A Kenya ƙananan manoman shayi sama da 500,000 ne ƙarƙashin KTDA, kamfanin da ke kula musu da harkar shayin, masana'antun ma nasu ne, ganyen da aka tsinka ranar ake kai shi. A tsaunukan Nepal kuma kayan lambu suke saukarwa kwari lokacin da can ba ya yi. Ku haɗa ƙungiya, a rubuta farashi da girman da za su karɓa tun kafin shuka, da wanda zai ɗauki asara in ciwo ya shigo.

Baba Dattijo: Malam ka taɓa sauko da buhu a ka cikin santsi?

Malamin Gona: Baba da girmanka, gonar da ta kasa sau ɗaya ba ita ce hujja a kan kowa ba.

Ɗan Autan Gida: Ni dai a tambayi jakin tukuna, shi ne zai yi aikin 😂

Maman Hanif: Ƙungiyar ma Malam ai sai da amana. Tamu mun yi ta zuba kuɗi don a gina rumbun ajiya, har yau tubali ko ɗaya ba mu gani ba, ma'aji kullum wai littafin yana wajen sakatare.

Abu Sadik: Wallahi irin tamu kenan. Ga sikelin dillalai, a gida buhu ya cika, a wajensu ya ragu.

Manomin Tudu: To jama'a batun rabin gonar fa? Jibi za su dawo da takardar.

Maman Hanif: Abu Sadik ku naku ma'ajin kun samu kun cire shi? Ta yaya kuka yi?